Zaɓen Mai Kai Ƙara a Kukar Dogo

Har yau ban manta da ranar da aka tura ni Kukar Dogo in je in kalli zaɓe ba. Ba zaɓen kansila ba ne, ba kuma na shugaban ƙaramar hukuma ba. Mutanen gari ne suka taru za su zaɓi wanda zai riƙa kai su ƙara kotu. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya daga cikin aikin, ku da kuka fara tsayuwa gaban alƙalai kwanan nan, wannan zan ba ku, domin har na yi ritaya ban gama juya shi a raina ba.

A lokacin ina Sufeto, ni ne mai gabatar da ƙara a wata kotun shari'a a ƙasar Zango. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Idan aka yi laifi, wanda aka cuta yakan je ofishin 'yan sanda. A can za a saurare shi, a tura mai bincike, a kawo wanda ake zargi idan akwai dalili. Idan Difi'o, wato shugaban ofishin, ya ga maganar ta isa zuwa kotu, sai a miƙo mini ita. Ni zan tsaya gaban alƙali in karanta abin da ake tuhumar mutum da shi, in kira shaidu ɗaya bayan ɗaya, in yi musu tambayoyi. Ba ni nake kamu ba, ba ni nake yanke hukunci ba. Amma duk wanda aka ɗaure, fuskata yake riƙewa, ba ta alƙali ba.

Shekarun farko ne na dawo da shari'a, jama'a na cike da ɗoki. Kusan kowane ƙauye ya kafa kwamitinsa na 'yan sa-kai, masu sa ido a kan caca da giya da faɗa da ɓarnar gona. Niyyarsu mai kyau ce, amma tsari bai zauna ba tukuna. Sai ka ga mutum uku daga gari ɗaya sun zo kotu da safe, kowa na cewa shi ne bakin kwamiti, wannan ya kawo ƙara, wancan ya zo janye ta, na ukun ya zo ya ce ba a ma yi abin ba. Alƙalinmu dattijo ne mai haƙuri, amma abin ya ishe shi. Ya yi shawara da Difi'o, suka kira dagatai, aka ce kowane gari ya fitar da mutum ɗaya tak. Duk abin da kwamiti ya gani, wannan mutumin zai kawo mana ofis, mu bincika, ni in kai kotu. Ba a faɗa musu yadda za su fitar da shi ba, don ba wanda ya zaci akwai wata hanya ban da dagaci ya nuna mutum.

Yawancin garuruwa haka suka yi. Dagaci ya kira liman da masu unguwanni, aka nuna wani, aka yi addu'a. Kukar Dogo kuwa shiru. Sai wata Talata ga hedimastan firamaren garin, Malam Isiyaku, ya zo kotu a kan babur da saƙon dagaci. Ya durƙusa ya gaida Alƙali, ya ce su a garinsu zaɓe za su yi, suna roƙon a turo musu hukuma ta shaida.

Alƙali ya tambaye shi daga ina wannan ta fito. Malam Isiyaku ya ce a rediyo ya ji, a wani shiri da aka yi kan yadda ake mulki a Amurka. Wai a yawancin jihohinsu mai gabatar da ƙara na yanki ba naɗa shi ake yi ba, jama'a ke zaɓensa kamar yadda muke zaɓen kansila, ko da yake akwai 'yan jihohin da suke naɗawa. A manyan birane akan yi takara mai zafi, amma a wurare da yawa, musamman ƙauyuka, mutum ɗaya ne ke tsayawa, ya yi shekaru ba wanda ya fito ya kara da shi. Ya ce da ya ba da wannan labari a majalisar dagaci, sai aka ce ai shi ne maganin rigimar da ke gabansu, domin duk wanda dagaci ya nuna, rabin gari sai ya ce an yi son kai.

Bayan ya fita Alƙali ya dube ni ya ce, "Sufeto, da zaɓenka ake yi, kana jin za ka ci?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, ko matata sai na yi mata kamfe."

Ya yi dariya, sannan ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai ba zaɓen ba ne, wancan batun ne na cewa wani wuri ana rububi, wani wuri kuma ba mai so. Aiki ɗaya ne, me ya sa zai yi farin jini a nan ya yi baƙin jini a can? Ya ce in nemi izinin Difi'o in je, kada a yi faɗa, in kuma buɗe ido in zo in ba shi labari. Gaskiya ko bai ce ba ni ma ina son gani.

Kukar Dogo gari ne mai ɓangare biyu. Akwai tsohon gari, na manoma, masu gero da dawa da wake. Akwai kuma bakin kara, inda Fulani da dillalan shanu suka zauna tun zamanin iyayensu, kusa da kasuwar dabbobi. Masallacin Juma'a ɗaya suke zuwa, akwai auratayya jefi-jefi, amma duk kaka sai an yi taƙaddama a kan burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, wadda gonaki suka matse ta.

'Yan takara biyu ne. Na tsohon gari shi ne Alhaji Mudi, ɗan kasuwar hatsi, mutum mai jiki da fara'a, yana da a-kori-kura da yake ɗaukar kaya zuwa Daura. Na bakin kara kuwa Malam Saleh, ƙanin Ardo shugaban Fulanin wurin, dillalin shanu, siriri marar yawan magana. An yi kamfe sosai. Na ji an ce Alhaji Mudi ya bi zaure-zaure yana cewa daga bana duk saniyar da ta sa baki a gonar wani, mai ita sai ya ga alƙali. Malam Saleh shi ma ya ce duk wanda ya noma burtali zai amsa tambaya. Na lura ba wanda ya yi alkawarin kai ƙarar mai caca ko mai giya, abin da aka kafa kwamitin dominsa tun farko. Kowa alkawarin da ya yi, a kan mutanen ɗaya ɓangaren ne.

An yi zaɓen da hantsi a filin makaranta. Ba akwati, ba takarda. Kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa suka yi layi a bayansa, kamar yadda aka taɓa yi a wani zamanin siyasa da dattawa ke tunawa. Ina tsaye gefe da dagaci a inuwar darbejiya. Abin da ya ja hankalina shi ne, kowa na ganin kowa. Wani magidanci ɗan tsohon gari wanda matarsa 'yar bakin kara ce ya daɗe yana kai da komo tsakanin layukan biyu, daga ƙarshe ya ce cikinsa ne ya murɗa, ya tafi gida. Alhaji Mudi kuwa yana ta waiwaye yana gaisawa da mutanensa, yana kiran sunayensu. Wanda ke bayansa daf, na farko a layi, wani ƙaƙƙarfan manomi ne mai suna Tanko, shi ne ya jagoranci kamfe ɗin, muryarsa har ta dushe.

Layin Alhaji Mudi ya fi tsawo, ba a ma yi gardama ba. Malam Saleh ya zo ya ba shi hannu, liman ya yi addu'a, aka watse lafiya.

Kafin mako ya zagayo, garin da ke maƙwabtaka da su, Rijiyar Fari, suka ji labari suka ce su ma zaɓe za su yi. Can ma ni aka tura. Na je na tarar da fili cike da mutane, amma ba ɗan takara. Dagaci ya yi shela, kowa ya sunkuyar da kai. A kira wannan ya ce yana da tafiya cirani, a kira wancan ya ce idonsa ba ya gani sosai. Da rana ta fara zafi aka lallashi wani tsohon mahauci mai suna Ɗanjuma ya tsaya, gari duka ya yi layi a bayansa, har da waɗanda suka ce ba sa gani.

Na ja wani mai unguwa gefe na tambaye shi dalili. Ya ce, "Yallaɓai, nan garin kakanmu ɗaya. Duk wanda ka kai ƙara, ko surukinka ne ko ɗan ƙanwarka. Wa zai nemi wannan da ƙafarsa? Shi Ɗanjuma baƙo ne, daga arewa ya zo, 'ya'yansa mata duk sun yi aure a wasu garuruwa."

Da na koma na ba Alƙali labarin garuruwan biyu, ya saurara yana jan carbi. Ya ce to ashe inda ake rububin kujerar, kowa ya riga ya san wanda yake so a kai ƙara, kuma ba nasa ba ne. Ya ce mu zuba ido mu ga kaka.

Kaka ta zo. An yanke gero, wake na gona yana bushewa. Wata safiya Alhaji Mudi ya iso ofis da mutum biyu a motarsa. Ɗaya Tanko ne. Ɗayan wani makiyayi ne mai suna Buba, magidanci daga bakin kara. Ƙarar ita ce shanun Buba sun fita daga burtali sun shiga gonar Tanko, sun cinye wake da harawa a wani sashe babba. Buba bai musa ba. Ya ce wani bijimi ne ya ɓalle sauran suka bi. Magana ce mai sauƙi, irin wadda muke gani kowace shekara, a tura mutane su ga ɓarna, alƙali ya sa a biya.

Sai dai tun da suka shigo na ga Buba bai fito da hannunsa na dama daga cikin riga ba. Da zai gaishe ni, hagu ya ɗaga. Na ce ya buɗe in gani. Ya dubi Alhaji Mudi, ya dubi ƙasa, sannan ya janye rigar. An ɗaure hannun daga gwiwa zuwa wuyan hannu da tsinken kara da tsumma, ɗorin gargajiya, yatsun sun kumbura. Na tambaye shi abin da ya same shi, ya ce tsautsayi ne. Na tambayi Tanko, ya ce shi wakensa ya zo nema. Na juya ga Alhaji Mudi, ya ce shi abin da kwamiti ya ba shi ya kawo, ɓarnar gona.

Na sa mai bincike, wani Sajan, ya bi su garin. Ya dawo da yamma ya ce a bakin kara kowa na faɗin magana ɗaya: Tanko ya tarar da shanu a gonarsa, Buba na ƙoƙarin koro su, bai tsaya tambaya ba ya ɗaga gora ya nufi kansa, Buba ya tare da hannu, ƙashi ya karye. 'Yan'uwan Buba biyu da ke bayan garken sun gani. A tsohon gari kuwa ba wanda ya ga komai. Wasu ma cewa suka yi bijimin Buba ne ya ture shi. Buba ya ƙi kai ƙara da kansa don yana tsoron a hana shanunsa bin burtali gaba ɗaya, shi kuma da hannu ɗaya ba zai iya kai su wata mashaya mai nisa ba.

A nan ya kamata ku gane wani abu na aikin. Karya wa mutum hannu ba maganar kwamiti ba ce, ba kuma sai wani ya yarda ba. Hukuma na da ikon ta shigar da ƙarar da kanta. Difi'o ya ce in haɗa tuhuma biyu, ɓarna a kan Buba, rauni a kan Tanko. Wannan ba wuya. Wuyar tana wajen shaida. Na san Alƙalinmu. Shaidar ɗan'uwa ga ɗan'uwansa, a inda kowa ya san akwai tsohuwar gaba tsakanin ɓangarorin, ba zai ɗora hukunci a kanta ita kaɗai ba. Zai nemi wanda ba shi da rabo a ciki. Idan babu, Tanko zai yi rantsuwa ya tafi, Buba ya biya wake da karyayyen hannu.

Washegari bayan azahar ina cin abinci a rumfar da ke bayan kotu, sai ga Alhaji Mudi shi kaɗai. Duk fara'ar nan babu. Ya zauna a benci, na yi masa tayi ya ce alhamdu lillahi. Ya daɗe yana magana a kan tsadar taki kafin ya zo kan abin da ya kawo shi. Ya ce ya ji hukuma za ta shigar da maganar hannu, kuma shi bai zo ya hana ba. Roƙonsa ɗaya, a yi ta da sunan hukuma, kada sunansa ya fito.

Na ce ai shi gari ya zaɓa ya riƙa kawo abin da ya faru.

Ya ce, "Sufeto, kai mutumin ina ne?"

Na ce daga kudancin jiha aka turo ni.

Ya ce, "To ka gani. Kai gobe ana iya ɗauke ka a kai ka wani wuri. Ni a sahu ɗaya nake salla da Tanko. Hatsin da nake saya, na mutanen da suka tsaya a bayana ne. Na san su ɗaya-ɗaya, su ma sun san na san su."

Na ce na ji, ƙara dai da sunan hukuma za ta shiga, dama haka doka take. Sannan na tambaye shi abin da ke cina tun jiya: wa ya kai Buba wurin mai ɗori? Domin mai ɗorin yana wani ƙauye ne da nisa, mai karyayyen hannu ba zai je a ƙafa ba, kuma a Kukar Dogo motoci ba su da yawa.

Ya gyara zama a bencin. Daga baya ya ce shi ne. Yana dawowa daga ɗaukar kaya ya ji hayaniya a bakin burtali, ya tsaya. Ya tarar da Buba zaune a ƙasa riƙe da hannu, Tanko tsaye da gora. Tanko da bakinsa ya ce masa, Alhaji na buge shi, ban san zai karye ba. Shi ya ɗauki Buba a mota, Tanko ma ya taimaka wajen ɗora shi. Sai da suka dawo gari dattawan tsohon gari suka taru a zaurensa suka ce ɓarna kaɗai za a kai, don idan aka fara ɗaure manomi a kan makiyayi, me ke nan amfanin zaɓen da suka yi?

Na faɗa masa gaskiya, ban ɓoye ba. Na ce abin da ya faɗa mini yanzu ba zan iya yin kamar ban ji ba. Zan sa sunansa cikin shaidu, kotu za ta kira shi. Abin da zai faɗa idan ya tsaya, wannan tsakaninsa da Allah ne, ni ba zan iya sa masa magana a baki ba. Ya ce da ya sani da bai zo ba. Na ce mai yiwuwa, amma ya zo. Ya tashi ya tafi ba sallama.

Ranar zaman, kotu ta cika har waje. Mutanen tsohon gari suka zauna a dama, na bakin kara a hagu, wasu na leƙe ta taga. Aka fara da ɓarna, Buba ya amsa, aka wuce. Na karanta tuhumar rauni, Tanko ya ce bai sani ba. Na kira 'yan'uwan Buba, suka faɗi abin da suka gani. Alƙali ya tambaye su dangantakarsu da shi, suka faɗa, ya rubuta, ya ɗago ya ce, "Sufeto, akwai wani?"

Na ce akwai, Allah gafarta Malam. Masinja ya kira sunan Alhaji Mudi.

Ban san abin da zai faɗa ba. Na yi shekaru ina kiran shaidu, yawanci kafin mutum ya buɗe baki na san inda zai dosa, amma ranar ban sani ba. Ya taso daga cikin mutanen dama, ya tsaya, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. Alƙali ya tunatar da shi nauyin shaida, a taƙaice, ba da tsoratarwa ba. Na tambaye shi inda yake ranar da abin ya faru. Ya ce yana hanya. Na tambaye shi abin da ya tarar a bakin burtali. Ya waiwaya ya dubi mutanensa, kamar yadda ya yi ta waiwaye ranar zaɓe, amma wannan karon bai gaisa da kowa ba. Sannan ya faɗi komai, da gorar, da maganar Tanko, da tafiya wurin mai ɗori. Ya ƙara da abin da ban tambaye shi ba, ya ce Tanko ya taimaka an sa Buba a mota, kuma a hanya yana ta cewa a yi sauri.

Wani daga baya ya ce, "Mu muka zaɓe ka fa." Masinja ya tsawatar. Alhaji Mudi bai juya ba.

Alƙali ya dubi Tanko ya ce yana da tambaya ga shaida? Tanko ya ce babu. Ya ce abin da Alhaji ya faɗa haka aka yi, ransa ne ya ɓaci da ya ga waken da ya yi damina yana wahala a kansa a bakin shanu. Alƙali ya tambayi Buba ko yana son a bi masa hakkinsa har ƙarshe ko yana karɓar sulhu. Buba ya yi shawara da Ardo, ya ce sulhu. Aka ɗora wa Tanko jinyar hannun da abin da shari'a ta tanada na rauni, aka ɗora wa Buba ɓarnar wake bayan an je an gani, aka kuma umarci dagaci da Ardo su fita da dattawa su sake shata burtali kafin damina. Ba a ɗaure kowa ba.

Na zaci maganar ta ƙare, ashe a gari ta fara. Labari ya riƙa zuwa mini ta bakin Malam Isiyaku. Manoma da yawa suka daina sayar wa Alhaji Mudi hatsi, suka gwammace su jira motar Daura. A masallaci ana amsa masa gaisuwa a taƙaice. Mutanen bakin kara kuwa ba su rungume shi ba, cewa suke ai sai da kotu ta kira shi, da farko ɓoyewa ya yi. Abin mamaki, Tanko ne kaɗai bai juya masa baya ba, an ce shi ya fara kai masa buhunan gero bayan shari'ar. Daga ƙarshe dattawan tsohon gari suka je wurin dagaci suka ce a sake zaɓe.

Na sake neman izini na je, wannan karon ba wanda ya aike ni. Fili ɗaya, inuwa ɗaya. Alhaji Mudi ya ce shi ya gama, ba zai sake tsayawa ba. Na ɗauka Malam Saleh zai samu dama, sai shi ma ya ce a'a. Na same shi a gefe na tambaye shi, ya ce ranar shari'ar yana zaune yana kallon Alhaji Mudi, sai ya tuna cewa cikin yaran da ke kiwo har da 'ya'yan yayansa Ardo, kuma wata rana sandar wani daga cikinsu ce za ta sauka a kan manomi. Dattawan da suka nemi a sake zaɓe kuwa, kowa ya riƙa tura ɗan'uwansa. Garin da aka yi kamfe zaure-zaure 'yan watanni kaɗan baya, aka rasa mutum ɗaya. Har rana ta take tsaka ana zaune. Dagaci ya gaji ya ce Malam Isiyaku ya riƙe, tun da shi ya kawo maganar, kuma shi ma'aikaci ne ba ɗan gari ba. Hedimasta ya karɓa fuska ba walwala. Bai daɗe a kai ba, domin da tsari ya zauna sai aka daina wannan hanya, kowa ya koma kawo ƙararsa ofis da kansa.

Alhaji Mudi ya farfaɗo a hankali, kasuwa ba ta riƙe fushi da daɗewa. Na haɗu da shi a Daura bayan an canza mini wurin aiki, yana sa a loda masa buhuna. Muka gaisa sosai. Na tambaye shi ko yana jin haushina. Ya ce da farko ya ji, yanzu kuwa babu. Ya ce shi da ya nemi kujerar nan ya ɗauka sanda ce za a ba shi ya riƙe wa mutanensa, bai san wuri ne da za a tsayar da shi a tambaye shi abin da ya gani ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, na kuma yi aiki da shi har na ajiye kaki, shi ne duk wanda ya kawo muku ƙara ko ya zo shaida, ku tambayi kanku wurin wa zai koma idan an tashi kotu. Mu muna naɗe takardunmu mu hau babur mu tafi bariki. Shi zai koma cikin mutanen da ya ambaci sunayensu, ya sayi gishiri a wurinsu, ya bi su jana'iza. Wannan ba zai sa ku fasa kiransa ba, ni ban fasa ba, kuma da za a sake da na sake kiransa. Amma ku kira shi da mutunci, kada ku yi masa tsawa idan ya yi jinkirin amsa, kada kuma ku ɗauka kun fi shi son gaskiya. Gaskiyar da ku ake ba ku albashi ku faɗa, shi daga jikinsa take fita.